Darasi Kan Sabon Layin Dogo: Ina Rabon Mai Hatsi?

'Yan kasuwa da dillalai na Rano da Kibiya, ana ta zancen jirgin ƙasa mai gudun tsiya, har wasu sun fara cinikin gonaki a kan jita-jita. To, mu rarrabe shi kashi uku.

Na farko, tsohon dogo, wanda ya iso Kano a 1911. Faɗinsa ƙafa 3 da inci 6. Shi ya ɗauki gyaɗa zuwa Ikko, ya yi wa su Alhassan Ɗantata hanyar arziki.

Na biyu, sabon dogo mai faɗin ƙafa 4 da inci 8 da rabi. Irinsa ne na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. A 2021 aka soma na Kaduna zuwa Kano, kilomita 203, da na Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Ku lura, taragon tsoho ba ya hawa sabo.

Na uku, mai tsananin gudu, kamar na Maroko da aka buɗe a 2018, mai cin kilomita 320 a awa. Wannan na fasinja ne, ba na buhu ba. Layinsa miƙaƙƙe ake so, tashoshi kaɗan, don jirgin da ke tsayawa kowane ƙauye ba ya gudu. Saboda haka manyan birane ake dubawa wajen shata shi.

Mu nan ba a kan dogo muke ba. Kenan abin tambayarmu uku ne: ina tashar lodi mafi kusa, akwai sito da ma'auni a cikinta, kuma yaya hanyar mota take daga nan zuwa can? In babu waɗannan, jirgi ya wuce da gudunsa, dawarmu da masararmu suna kan gingimari kamar da.

Ga lissafin. A haɗa kuɗin mota zuwa tasha, da na 'yan dako sau biyu, da kuɗin tarago, da kwanan da kaya za su yi ana jira. A gwada da kuɗin mota kai tsaye. Zuwa Dawanau, mota ta fi. Zuwa Ikko ko Maraɗi da buhu ɗaruruwa, nan jirgi ke iya yin rangwame. Kuma in sufuri ya yi sauƙi, ratar farashi tsakanin kasuwanni tana tsukewa. Wanda cinsa ke cikin wannan rata, ya shirya tun yanzu.

Manomi kuwa, kada ka sayar da gona sai ka ga turken safiyo da idonka. In layi ya ratsa, a tafi da mai unguwa da dagaci a rubuta diyya, a nemi mashigar shanu da amalanke, don layin gudu ana killace shi da shinge.

Allah ya ba da kasuwa. Wassalam.