Mai Tsaro a Kan Garu: Hawan Jinin Ido da Haɗarin Shanyewar Ɓarin Jiki

Karatu: Ezekiyel 33:1-6, Yohanna 9:1-7, Markus 2:1-12

Gabatarwa

Da yawa cikin 'yan'uwanmu da ke sujada da harshen Hausa a Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Obalende sun san aikin gadi, wasunsu ma da shi suke ciyar da iyali. Mai gadi ba shi da ikon hana ɓarawo yin niyya, amma idan ya ga motsi a bayan katanga yakan busa usur. Annabi Ezekiyel ya nuna mana laifi iri biyu a wannan aiki: na mai tsaron da ya ga haɗari ya yi shiru, da na mutumin da ya ji ƙaho ya ƙi kula. A darasin wannan fitowa za mu ga cewa ido ma mai tsaro ne. Wani lokaci cutar da likita ya gani a cikinsa gargaɗi ce game da abin da ke tafe wa ƙwaƙwalwa.

Mene ne hawan jinin ido?

Likitoci suna kiran cutar gilakoma, mu kuwa muna ce mata hawan jinin ido. Sunan yana da ɗan ruɗi, gama ba jini ne ke hawa ba. A cikin ido akwai wani ruwa garau da ake yin sa kullum, yana kuma fita ta wata 'yar magudana. Idan magudanar ta ƙi jan ruwa yadda ya kamata, sai matsi ya ƙaru, ya riƙa murƙushe jijiyar gani, wadda ke ɗauke da zaruruwa fiye da miliyan ɗaya daga ido zuwa ƙwaƙwalwa. A ma'aunin likita, matsin lafiyayyen ido yana tsakanin 10 da 21, ko da yake akwai waɗanda jijiyarsu ke lalacewa alhali ma'aunin bai wuce haka ba.

Irin da ya fi yawa a cikinmu ba ya zafi, ba ya sa ido ja. Ganin gefe yake fara ci, har mutum ya zama kamar mai leƙe ta cikin bututu. Ba daidai yake da yanar ido ba. Yana ana cire ta, gani ya dawo; amma zaren jijiyar da ya mutu ba ya sake rayuwa.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa wajen mutum 5 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama suna da cutar. Cikin masu ita, ɗaya cikin biyar ya riga ya makance, waɗanda suka san suna da ita kuwa ba su kai 6 cikin 100 ba.

Ina ruwan ido da shanyewar jiki?

Shanyewar ɓarin jiki tana faruwa ne sa'ad da hanyar jini a ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe. Jijiyar gani kuwa reshen ƙwaƙwalwa ce, kuma babbar hanyar jinin da ke haurawa ta wuya ita ce ke shayar da ido da sashe mai yawa na ƙwaƙwalwa. Gonaki biyu ne a kan rafi ɗaya: idan ta kusa da hanya ta fara yaushi, mai hankali yakan je ya duba ɗayar.

A shekarar 2009 masu bincike a ƙasar Taiwan suka buga sakamakon bin diddigin masu wannan cuta fiye da 4,000 har shekara biyar. Wajen 15 cikin 100 nasu sun sami shanyewar jiki, alhali cikin waɗanda ba su da ita adadin bai kai 10 cikin 100 ba. An sami alaƙa makamanciyar wannan a Koriya ta Kudu, ko da yake ba ta kai haka ƙarfi ba.

A nan sai mu yi hattara. Wannan bai nuna cewa ciwon idon ne ke jawo shanyewa ba, bai kuma nuna cewa duk mai shi zai shanye ba. Abin da ya nuna shi ne sau da dama cututtukan biyu suna tafiya tare, domin tsufa, hawan jini, ciwon sukari da raunin ƙananan hanyoyin jini suna taɓa ido da ƙwaƙwalwa duka. A ƙasarmu babban mai laifi sananne ne. Binciken da Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, wanda aka buga a 2018, ya danganta wajen kashi 90 cikin 100 na shanyewar jiki da hawan jini.

Wa ya yi zunubi?

Da almajirai suka ga makaho, abin da ya fara zo musu shi ne neman mai laifi. Ubangiji Yesu ya kawar da tambayar, ya juya ga mutumin. Har yau, idan uba ya faɗi a banɗaki bakinsa ya karkace, sai a ce jifa ne ko aikin maƙiya daga ƙauye, a kwana ana shafe-shafe, lokacin ceto yana wucewa. Addu'a wajibi ce, amma ba ta gāba da asibiti. Luka, marubucin bishara, likita ne. Masu mishan da suka kawo mana bishara su ne kuma suka buɗe asibitin ido a Kano a 1943, wanda yau yake hannun ECWA. Abokan shanyayyen nan huɗu na Kafarnahum ba su zauna tattauna dalilin ciwonsa ba. Ɗaukarsa suka yi, har suka buɗe rufin gida.

Abin da iyali za su yi

1. Duk wanda ya kai shekara 40 ya je a auna matsin idonsa, a kuma duba jijiyar gani. Gwajin tabarau a bakin titi bai isa ba. Mazauna Agege suna kusa da asibitin koyarwa na jihar Legas da ke Ikeja, na Idi-Araba kuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Legas yana ƙofarsu.

2. Cutar tana bin jini. Idan an same ta ga uwa ko uba, a gaya wa 'ya'ya da 'yan'uwa, har waɗanda ke gida a Arewa.

3. Wanda aka samu da ita ya nemi a gwada jininsa da sukarinsa. Idan ma'aunin jini yana kai 140 bisa 90 a kai a kai, yana bukatar kulawa. Ya rage gishiri da dunƙulen miya, ya yawaita ganye, ya rabu da taba.

4. Maganin ɗigawa na kullum ne, ba ya dawo da gani, yana tsare wanda ya rage. Kada a daina don ba a ga canji ba. A gaya wa likitan ido duk maganin hawan jini da ake sha. Mai asma ko ciwon zuciya ya faɗa kafin a ba shi timolol. Kada a sayi maganin ɗigawa a kemis ba da takardar likita ba, gama wasu suna ta da matsin ido.

5. A san alamun gaggawa: karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, sarƙewar magana, ko duhu ya rufe ido ɗaya farat ɗaya ko da ya washe bayan 'yan mintoci. Maganin narkar da gudan jini yana aiki ne cikin awa huɗu da rabi na farko, cunkoson Legas kuwa ba ya tausayi. A kira 112 ko 767, ko a kama hanya nan take.

Tambayoyi don tattaunawa

a. Su wa a gidanmu suka wuce shekara 40 ba a taɓa duba idonsu ba?

b. Ta yaya Zumuntar Mata da dattawan ikkilisiya za su taimaki gwauruwar da kuɗin maganin wata-wata ya fi ƙarfinta?

c. Bisa ga Ezekiyel 33, mene ne alhakin wanda ya ji wannan darasi bai gaya wa kowa ba?

Addu'a

Ya Ubangiji, Kai da ka yi ido da ƙwaƙwalwa, ka ba mu kunnen jin gargaɗi da ƙafar zuwa neman taimako. Ka ƙarfafa marasa lafiyarmu da masu jinyarsu, ka sa mu zama masu tsaron juna. A cikin sunan Yesu Kristi. Amin.