BABI NA TARA: ABINCIN MAJIYYACI: DAMEN KINDIRMO DA AWARA GA WANDA AKA YI WA TIYATAR RAGE ƘIBA

9.0 Gabatarwa

A babukan da suka gabata an yi bayanin abincin Hausawa na yau da kullum da kuma na bukukuwa. Wannan babi zai duba reshe na uku, wato abincin majiyyaci. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa ba kowane abinci ne ya dace da marar lafiya ba, shi ya sa ya ware kunun kanwa ga mai jego, da romo ga wanda ya tashi daga ciwo, da kunun tsamiya ga wanda bakinsa ya yi ɗaci. Sai dai zamani ya zo da hanyoyin magani waɗanda kakanni ba su sani ba. Ɗaya daga cikinsu ita ce tiyatar rage ƙiba, wadda bayanta abincin da aka saba kai wa marar lafiya yakan iya cutar da shi. Babin zai nuna cewa a cikin kayan abincin Hausawa akwai abin da ya dace da irin wannan majiyyaci, muddin an sauya ma'auni da yadda ake haɗawa.

9.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi ya iya:

i. bayyana ma'anar muhimman kalmomin darasin da asalinsu;
ii. faɗin dalilin da ya sa kayan zaƙin gargajiya ba su dace da wannan majiyyaci ba;
iii. tsara matakan haɗa damen kindirmo da awara cikin daidaitacciyar Hausa;
iv. amfani da darasin wajen koyar da rubutun umurni.

9.2 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Tiyata: Kalma ce da aka aro daga Ingilishi. A can tana nufin ɗakin da likita yake yi wa mutum aiki, amma a Hausa ma'anarta ta faɗaɗa har ta zama sunan aikin kansa.

Furotin: Shi ma aro ne. Sinadari ne da jiki yake gina tsoka da fata da jini da shi, kuma da shi rauni yake warkewa. Wasu marubuta kan kira shi sinadarin gina jiki.

Kindirmo: Madarar da aka dafa, ta kwana ta daskare, ba a kaɗa ta an cire mai ba. Idan aka kaɗa aka cire man shanu, abin da ya rage shi ne tsala.

Awara: Daskararriyar madarar waken suya. Ana danganta sunan da wara, wato cukun madarar shanu a ƙasar Yarbawa. A wasu wurare ana kiranta ƙwai-da-ƙwai. Shi kuwa waken suya, sunansa na Turai ne Hausawa suka lanƙwasa har ya dace da kalmar suya wadda suka riga suka sani.

9.3 Tiyatar Rage Ƙiba da Yadda Take Sauya Cin Abinci

A al'adance ana ɗaukar ƙiba alamar hutu da wadata. Likitoci kuwa suna auna ta ne ta hanyar raba nauyin mutum a kilogiram da tsawonsa a mita wanda aka ninka da kansa. Misali, mai nauyin kilogiram 100 da tsawon mita 1.6 sakamakonsa 39 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki 30 zuwa sama a matsayin ƙiba mai haɗari, kuma ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana ɗauke da ita. Irin wannan ƙiba tana tafiya tare da ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa.

Idan rage abinci da motsa jiki da magani suka gaza, likita yakan ba da shawarar tiyata. Iri biyu ne suka fi shahara. Na farko, a keɓe ɗan aljihu a saman tumbi wanda bai wuce girman ƙwan kaza ba, a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji. Wani likitan Amurka mai suna Edward Mason ne ya fara wannan aiki a Jami'ar Iowa a shekarun 1960. Na biyu, a yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, a bar siririn sashe mai kama da ayaba. Ke nan tumbin da a da yake ɗaukar fiye da lita ɗaya ya koma ba ya ɗaukar abin da ya wuce 'yan cokula a makonnin farko.

Wannan sauyi yana haifar da ƙa'idoji uku. Ta farko, ana buƙatar majiyyaci ya sami aƙalla giram 60 na furotin a kullum, domin rauni ya warke kuma kada tsoka ta zube tare da kitse. Tun da wuri ya yi kaɗan, dole kowane cokali ya ɗauki furotin mai yawa. Ta biyu, a guji sukari da maiƙo. Idan abu mai zaƙi ya kwarara cikin hanji da sauri, musamman bayan tiyata irin ta farko, cikin minti 10 zuwa 30 mutum yakan ji jiri da gumi da bugun zuciya da murɗar ciki da gudawa. Wani lokaci kuma bayan awa ɗaya zuwa uku sukarin jini yakan faɗi, jiki ya hau rawa. Ta uku, ana komawa cin abinci ne mataki-mataki. A yawancin asibitoci ana farawa da ruwa-ruwa na kimanin mako biyu, sai markaɗaɗɗen abinci, sai mai laushi, kafin a kai ga abinci sosai bayan mako shida zuwa takwas. Damen da za a yi bayani na matakin markaɗaɗɗen abinci ne zuwa gaba, kuma sai da izinin likita ko masanin abincin majiyyata.

9.4 Kayan Zaƙin Gargajiya

Bahaushe ba shi da al'adar jera wani abin zaƙi a ƙarshen kowane cin abinci kamar yadda Turawa suke yi. Abin da yake da shi su ne kayan maƙulashe irin su alkaki da nakiya da dubulan da alewa da kantu, sai na baya-bayan nan kamar tuwon madara da gullisuwa. Idan aka lura, duk an gina su ne a kan sukari ko zuma ko mai, wasu kuma sun haɗa duka. Fura da nono, wadda ita ce ta fi kusa da abin da ake nema, yawancinta gero ne, kuma masu sha sun saba zuba mata sukari. Kofi ɗaya na fura zai cika sabon tumbi da gari alhali furotin ɗin da ke ciki kaɗan ne. Ya kamata kuma a fahimci cewa zuma da dabino da mazarƙwaila, duk da darajarsu a wurin Hausawa, hanji yana karɓar zaƙinsu ne kamar yadda yake karɓar sukari.

9.5 Kayan Haɗi

Mazaunin Unguwar Sarki, unguwar da Masallacin Sultan Bello yake a Kaduna ta Arewa, ba sai ya yi nisa ba wajen neman kayan wannan dame. Waken suya da madarar gari da kayan ƙamshi duk ana samun su a Kasuwar Kawo ko Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Jihar Kaduna tana cikin manyan masu noman waken suya a Nijeriya, wake da aka shigo da shi ƙasar a 1908, kuma ya yaɗu a gidaje a shekarun 1980 da 1990. Citta kuwa daga yankin Kachiya da Jaba da Kagarko take fitowa.

Ga kimanin furotin da ke cikin giram 100 na kowane ɗaya: madarar shanu giram 3, kindirmon da aka tace ruwansa giram 9, awarar da ba a soya ba giram 8 ko fiye, madarar gari marar maiƙo giram 35.

Akwai abubuwa biyu da ya wajaba a kiyaye. Nonon talla ba a da tabbacin an dafa madararsa sosai, wani kuma akan ƙara masa ruwa ko garin 'ya'yan kuka domin ya yi kauri. Ga mai sabon ɗinki a ciki, kindirmon gida ya fi aminci. Haka kuma awarar da yara suke sayarwa da yamma soyayya ce, an barbaɗa mata yaji. Wadda ake buƙata ita ce fara, wadda ba ta shiga mai ba.

Ma'aunin ci ɗaya shi ne:

i. tataccen kindirmo, babban cokali 4;
ii. farar awara, giram 30, wato kamar girman akwatin ashana;
iii. madarar gari marar maiƙo, babban cokali 1;
iv. nunanniyar gwanda da aka murje, babban cokali 1 ko 2;
v. garin kirfa ko na citta, ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka.

9.6 Yadda Ake Haɗawa

1. A tafasa rabin lita na madara, a sauke, a kwashe afararin da ya taru a sama. Idan madarar gari ce, a dama ta da tafasasshen ruwa.
2. A bari ta huce har ta zama ɗumin da yatsa zai iya jurewa. A zuba cokali ɗaya na kindirmo mai kyau, a rufe, a ajiye a wuri mai ɗumi na awa 6 zuwa 8.
3. A shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a kan rariya, a juye kindirmon, a sa a firji na awa 4 domin ruwan ya tsiyaye. Abin da ya rage zai yi kauri, furotin ɗinsa ya ninka.
4. A turara farar awara na minti 10, a bari ta huce.
5. A haɗa kindirmon da awarar da madarar garin a markaɗa, ko a murje su a rariya da bayan cokali, har sai babu gudaji ko ɗaya.
6. A zuba gwanda da kirfa, a gauraya, a sa a ƙaramin kofi ya yi sanyi.

Wannan haɗi bai wuce rabin kofin shayi ba, amma yana ɗauke da furotin kimanin giram 10 zuwa 12, wato kusan na ƙwai biyu. A sha shi da ƙaramin cokali cikin minti 20 zuwa 30, a dakata da zarar an ji ƙoshi. Kada a sha ruwa tare da shi, sai bayan rabin awa. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, a yi na yini ɗaya kawai, abin da ya kwana ba a firji ba kuma a zubar. Damen ba ya maye gurbin ƙwayoyin bitamin da likita ya rubuta, domin waɗannan ana shan su ne tsawon rayuwa.

9.7 Al'adar Dubiya

Babban ƙalubale yakan zo ne daga masu ƙauna. Dubiya wajibi ce a zamantakewar Hausawa, kuma ba a zuwa hannu sake. A ɗauka wata uwargida ce ta dawo gidanta a Unguwar Sarki mako uku bayan tiyata, ƙanwar mijinta ta zo da ƙwaryar fura.

"Sannu da jiki, Yaya. Ki daure ki shanye, da ruwan ciki ake jan na rijiya."

"Na gode, Allah ya saka da alheri. Likita ya ce rabin kofi ne iyakata, kuma ban da sukari. A ba yara su sha albarkacinki."

Maganar mai dubiya daidai take a kan kowane irin ciwo da aka sani a da, amma a nan bin ta yana iya jawo amai da ciwo mai tsanani. Amsar uwargidan ta nuna yadda ake ƙin abu cikin ladabi: godiya da addu'a tukuna, sannan dalili, sannan a karɓi kyautar a juya ta ga wani. Dangi suna buƙatar a faɗa musu tun kafin a dawo daga asibiti abin da za su iya kawowa, kamar farar awara ko ƙwai ko kifi.

9.8 Amfanin Darasin ga Malami

Sashe na 9.6 misali ne na rubutun umurni. Malami ya jawo hankalin ɗalibai ga yadda kowane mataki ya fara da wakilin suna na boye a sigar umurni: a tafasa, a bari, a shimfiɗa. Korewa kuma da kada ake yin ta. Ya nuna musu cewa tafasa da turara da murje da tsiyaye kowace tana da aikinta, ba a musanya wata da wata. Haka nan ma'auni irin su "kaɗan" da "daidai misali", waɗanda aka saba da su a girki, ba su wadatar ba a rubutun da lafiyar mutum ta rataya a kai.

9.9 Kammalawa

An ga cewa wanda aka rage wa tumbi yana buƙatar abinci kaɗan mai furotin da yawa, marar sukari da maiƙo. An ga kuma cewa kindirmo da awara, idan aka tace aka auna, suna biyan wannan buƙata da kuɗi kaɗan. Abin da ya rage shi ne iyali su karɓi sabon ma'aunin, su bar majiyyaci ya ci a hankali, domin sannu ba ta hana zuwa.

Auna Fahimta

1. Bambanta tsakanin madara da kindirmo da tsala.
2. Kawo dalilai biyu da suka sa fura ba ta dace da wannan majiyyaci ba.
3. Fito da kalmomin aro biyar daga wannan babi, ka faɗi harshen da aka aro kowace.

Jinga

Tambayi wata mai sana'ar awara a unguwarku yadda take yin ta, sannan ka rubuta matakan a sigar umurni cikin jimloli goma.