Darasin Tarihi: Yaƙin Zatus Sawari

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ya ku ɗalibai, kun sha jin labarin Badar da Yarmuk da Ƙadisiyya, duka kuwa a tudu aka yi su, da dawakai da raƙuma. Darasinmu na wannan fitowa a kan ruwa yake, wato yadda Musulmi suka fara mallakar jiragen yaƙi.

Bayan an buɗe Sham da Masar, sai aka tarar da wata matsala. Garuruwan bakin teku suna hannun Musulmi, amma tekun kansa, Bahar Rum, yana hannun Rumawa. Duk ranar da suka ga dama sai su ciko jirage su sauka. Haka suka yi a shekarar 645 Miladiyya, suka ƙwace Iskandariyya, sai da Amru ɗan Asi ya dawo ya kore su a 646.

Mu'awiya ɗan Abu Sufyan, gwamnan Sham, tun zamanin Sayyidina Umar yake neman izinin shiga teku. Umar ya tambayi Amru yadda teku take, da ya ji irin haɗarinta sai ya hana. Kada wani yaro ya ce tsoro ne. Larabawan Hijaz mutanen rairayi ne, shugaba kuwa shi za a tambaya game da kowane rai da ya tura. Da Sayyidina Usman ya zama halifa, Mu'awiya ya yi ta naci har aka yarje masa, bisa sharaɗin ba za a tilasta wa kowa ba, sai wanda ya zaɓa da kansa.

To, su wa za su ƙera jiragen? Nan ne abin lura. Masassaƙan Masar da na gaɓar Sham, da yawansu Kiristoci ne, musamman Ƙibɗawa, su ne suka gaji wannan sana'a kaka da kakanni. Su suka ƙera, su suka riƙa tuƙi, mayaƙan Musulmi kuma suka hau da makamansu. A shekara ta 28 bayan Hijira, daidai da 649, rundunar ta sauka tsibirin Ƙubrus, mutanensa suka yi sulhu a kan biyan haraji. A cikin tafiyar akwai Ummu Haram 'yar Milhan, matar Ubada ɗan Samit, Allah Ya yarda da su, wadda Manzon Allah (S.A.W.) ya yi wa bushara cewa tana cikin masu yaƙin teku na farko. Bayan an sauka ta faɗo daga kan dabbarta ta rasu. Kabarin da ake danganta mata yana kusa da garin Larnaka.

Babban karon ya zo a shekara ta 34, wato 655, kusa da gaɓar kudancin ƙasar da muke kira Turkiyya a yau. Shugaban Musulmi shi ne Abdullahi ɗan Sa'adu ɗan Abi Sarhi, gwamnan Masar. Rumawa kuwa sarkinsu ne da kansa ya fito, Konstans na biyu, jikan Hirakla. Littattafan tarihi na Larabci sun ce jiragen Musulmi kamar 200 ne, na Rumawa 500 ko fiye. Sawari jam'in sariya ne, wato doguwar itaciyar nan da ke tsaye a tsakiyar jirgi, wadda ake ɗaura wa ƙyallen da iska ke turawa. An ce saboda yawansu a ranar aka sa wa yaƙin wannan suna, wasu kuma sun ce don yankin ne ake saro itacen yin su.

An fara da kibau da duwatsu. Amma Rumawa sun fi iya juya jirgi nesa ba kusa ba, in aka ci gaba a haka su ke da riba. Sai Musulmi suka matso, suka ɗaure jiragensu da na abokan gaba da igiyoyi da ƙugiyoyi, suka yi sahu a kan katako kamar suna fili. Daga nan magana ta koma ta takobi da wuƙa, abin da suka sani tun Yarmuk. An yi asarar rayuka mai yawa ta kowane ɓangare, har masu tarihi suka ce ruwan wurin ya rine da jini. Rundunar Rumawa ta watse. Sarkin ma da ƙyar ya sha, an ruwaito cewa sai da ya yi musayar tufafi da wani daga cikin mutanensa kafin ya sulale.

Hanya ta buɗu zuwa Ƙusɗanɗiniyya, amma ba a bi ta ba a lokacin. A shekara ta 35 aka kashe Sayyidina Usman a Madina, fitina ta tashi tsakanin Musulmi, aka ajiye maganar teku har sai da Mu'awiya ya karɓi halifanci a shekara ta 41. Shi kuwa Konstans, daga baya ya koma tsibirin Sikiliyya da zama, a can wani baransa ya kashe shi a ɗakin wanka a 668.

Aikin gida: ku nemi taswira, ku nuna wa iyayenku Iskandariyya da Ƙubrus da Ƙusɗanɗiniyya, wadda yanzu ake kira Istanbul.