Almajiran da Ke Cikin Taga

Karatu: Ayyukan Manzanni 1:6-14

A majami'ar St Philip da ke Birmingham, a Ingila, akwai tagogi huɗu na gilashi mai launi waɗanda Edward Burne-Jones ya zana. Ta 1885 tana nuna hawan Yesu sama: mala'iku sun kewaye shi, almajirai a ƙasa sun ɗaga kai. Da yaƙi ya ɓarke aka ciccire tagogin aka ɓoye, don haka bom ɗin 1940 bai same su ba.

Amma ɗan'uwa, lura fa. Almajiran taga har yau suna tsaye suna kallo. Na cikin karatunmu kuwa, mutum biyu masu fararen tufafi suka tambaye su dalilin tsayuwarsu, sai suka koma Urushalima suka duƙufa ga addu'a.