Yadda Za Ka Kare Tsohuwar Fijo Daga Tsatsa Kafin Damina

Idan ka gaji Fijo 504, ko a-kori-kura 404 irin waɗanda suka sha dakon kaya tsakanin Nguru da Gashuwa, ka riƙe ta da kyau. Tun 1975 aka fara haɗa Fijo a Kaduna, an kuma daɗe da daina ƙera waɗannan. Inji yana gyaruwa, amma jikin da tsatsa ta cinye samun madadinsa sai an sha wuya.

Wasu na ganin tunda daminarmu gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, ba ruwansu da tsatsa. Ba ruwan sama kaɗai ne ke cin mota a nan ba. Akwai lakar fadamar Haɗeja da Nguru, wadda ke maƙalewa a ƙarƙashi ta riƙe danshi, sai kuma kanwa, gishiri da takin zamani da ke zuba a bayan mota.

Ka yi aikin da bazara, Afrilu ko farkon Mayu: hazon hunturu ya wuce, ruwa bai sauka ba. Tanadi burushin ƙarfe, samfefa mai kaushi da mai laushi, jan fenti na shimfiɗa, baƙin fentin ƙarƙashin mota, giris, sabon man inji, sukuddireba da tocilan.

1. Wanke ƙarƙashin motar. Kai ta wurin wanki mai rami da famfo mai ƙarfi. Tsaya a kai har sai an fitar da lakar da ke saman tayoyi da cikin lungunan shasi. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya ɗaga.

2. Kwashe kafet, kujerar baya da tayar safiya. Buɗe ƙofofi da but, bar ta a rana wuni biyu. Fenti a kan danshi ɓarnar kuɗi ne.

3. Nemo tsatsar. Haska dandamalin da ake sa ƙafa, gindin ƙofofi, wurin tayar safiya da mazaunin batir. A 504 ka duba sosai inda ƙafafun gaba suka haɗu da jiki, a cikin bonet. Duk inda fenti ya kumbura kamar bororo, danna da sukuddireba. Idan ƙarfe ya tsaya, kai za ka gyara. Idan ya lotsa ko ya huje, aikin mai walda ne: a yanke ruɓaɓɓen, a sa sabon ƙarfe. Kada ka yarda a cike ramin da fila kawai. Zai yi kyau ranar da aka fito da ita, amma tsatsar na ci gaba da aikinta a ƙarƙashi, damina ɗaya ta isa ta tona asiri. Kafin a kunna walda, cire kan batir, a kuma nisanci tanki da bututun fetur.

4. Kankare da burushi, bi da samfefa har farin ƙarfe ya fito. Rufe hanci da idanu. Mazaunin batir kuwa, ruwan batir ne ya ci shi. Jiƙa kanwa kaɗan ka zuba, za ka ga yana kumfa. Idan kumfar ta tsaya, ɗauraye da ruwa mai yawa ka busar, domin ita ma kanwar tana da gishiri.

5. Shafa jan fenti a ranar da ka kankare, kada farin ƙarfe ya kwana. Da safe za ka yi, a inuwa. Ƙarfen da ranar Gashuwa ta gasa yana busar da fenti kafin ya kama. Shafa sau biyu, marar kauri. Bayan ya bushe sarai, ɗora baƙin fentin a ƙarƙashi.

6. Buɗe ƙananan ramukan da ke gindin kowace ƙofa da waya. Ta nan ruwa ke fita, ƙurar hunturu kuma takan toshe su. Sannan ɗiga sabon mai a cikin ƙofofin, shafa giris a ƙusoshi da maɓallan ƙofa. Na san al'adar fesa baƙin mai a ƙarƙashin mota, amma ba na goyon bayanta. Yana lalata roba, kuma a ƙasarmu mai rairayi yashi yake tarawa. Kada mai ya taɓa birki ko salansa.

7. Duba robar gilashi da ta ƙofofi. Rana ta busar da su, sun tsage. Sa yaro ya zuba ruwa da buta daga waje, kai kana ciki kana kallo. Inda ya ɗigo, sauya robar.

8. Ajiye ta a rumfa mai shan iska, ko ta zana ce. Kada ka naɗe ta da tamfol, yana kulle danshi. Idan ka keta ruwa a watan Agusta, wanke ƙarƙashin a cikin makon. Idan za ka ɗauki kanwa ko taki, shimfiɗa leda mai kauri tukuna, ka share bayan motar da zarar an sauke kaya.