Kallon opera kyauta a dandalin Bebelplatz na Berlin

Wanda tafiya ta kai shi Berlin da bazara, ya bincika ko lokacinsa ya dace da "Staatsoper für alle", wato opera ga kowa. Tun 2007 gidan opera na Staatsoper Unter den Linden ke shirya wannan taro a dandalin da ke gefensa, kamfanin BMW na ɗaukar nauyi. Ba tikiti, ba ko sisi. Ranar kan sauya daga shekara zuwa shekara, don haka a duba shafin gidan a intanet kafin a tsara tafiya.

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera kusan kowace magana a cikinsa, makaɗa na rakiya. Galibi wasan yana gudana a cikin ginin, wanda aka buɗe a 1742, ana haska shi kai tsaye a kan ƙaton allo a waje. Makaɗan Staatskapelle Berlin kuwa sukan fito fili su yi nasu kiɗan a gaban jama'a. Duk wanda ke son ganin mutum ido da ido, wannan ya kamata ya nufa.

Babbar shawarata ita ce ka karanta labarin wasan tun a masauki. Da Italiyanci ko Jamusanci ake rera yawancinsu, kuma wasa ɗaya kan ci awa uku. Na marubucin opera Wagner ma sun fi haka nesa ba kusa ba. Idan ba ka san wa ke son wa ba, wa ya ci amanar wa, kafin a je hutun rabin lokaci hamma ta kama ka. In ka sani kuwa, murya kaɗai ta isa ta gaya maka inda aka kwana.

Ka yi sammako, domin dubban mutane ke zuwa, kuma ba a tanadar wa kowa wurin zama. Jirgin ƙarƙashin ƙasa U5 zai sauke ka a tashar Unter den Linden ko Museumsinsel, sai ɗan tattaki. Tafi da abin shimfiɗa, rigar sanyi da ta ruwa. Lema tana tare wa na baya allo, Bajamushe kuma ba ya jin nauyin faɗa maka. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, sai mai salla ya yi lissafin magaribarsa. Guzuri ma daga gida ya fi, saboda naman da ake sayarwa a irin wannan taro yawanci na alade ne.

Kafin fili ya cika, nemi gilashin da ke shimfiɗe a tsakiyar dandalin. A ƙarƙashinsa akwai kantocin littattafai, wayam. Nan ne 'yan Nazi suka ƙona littattafai ranar 10 ga Mayu, 1933.

Da an fara wasa, a kashe ƙarar waya, hira kuma ta jira hutu. In ba ka san lokacin tafi ba, jira na kusa da kai ya fara.