DARASIN WATA: Idan Mota Ta Nutse a Ruwa, Kada a Tayar da Ita

A ƙauyuka da yawa, mota ɗaya ce gatan kowa. Ita ke kai hatsi kasuwa, ita ke kawo taki, ita ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti cikin dare. Yawanci Land Rover ce, ko Toyota Hilux, ko wata a-kori-kura mai jure hanyar daji. Da damina ta yi nisa, irin waɗannan motoci sukan faɗa rafi, ko ambaliya ta rufe su a inda aka ajiye su. Haka ya faru a Maiduguri a watan Satumba na 2024, sa'ad da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye motoci masu yawa.

Motar da ta nutse tana iya gyaruwa. Abin da ya fi kashe ta shi ne gaggawar murɗa makulli don a ga ko za ta tashi.

Me ya sa ba a tayar da ita?

A cikin inji akwai fistin. Aikinsa shi ne ya hau ya matse iska da mai, sa'an nan wuta ta kama. Iska tana matsuwa, amma ruwa ba ya matsuwa. Idan ruwa ya shiga inji aka yi ƙoƙarin tayar da shi, fistin zai daki ruwan kamar ya daki dutse. Nan take sandar ƙarfen da ke riƙe da shi za ta lanƙwashe ko ta karye, har ta iya huda jikin inji. Injin gas ya fi na fetur shiga wannan haɗari, domin ya fi matse iska. Ruwa kaɗan ya isa ya lalata shi. Gyaran da zai tsaya a kan kuɗin baƙin mai sai ya koma sayen wani inji. Sauri kan haifi nawa.

Abin da za a fara yi

1. A fitar da mutane tukuna. Rai ya fi mota.
2. A zare makulli. A kwance batir, a fara da waya mai alamar ragi.
3. A jawo motar zuwa tudu da tarakta ko wata mota. Kada a tura ta a sa giya don ta tashi.
4. A duba alamar laka a jikinta, a ga inda ruwa ya kai. Wannan zai nuna wa bakanike wuraren da zai buɗe.
5. A kira bakanike a ranar, ko washegari. Idan ruwa ya kwana biyu a cikin inji, tsatsa za ta fara cin ƙarfe.

Fitar da ruwa daga inji

A buɗe matatar iska. Idan ta jiƙe, to a ɗauka ruwa ya shiga inji. A jefar da ita a sa sabuwa.

A zaro sandar awon baƙin mai. Idan man ya haura alama, ko ya koma kalar shayi mai madara, ya gauraya da ruwa. A kwance noti na ƙasa a juye shi duka. Ruwa ya fi mai nauyi, saboda haka shi zai fara fitowa. A canza matatar baƙin mai, a zuba sabon mai.

Bayan haka bakanike zai cire dukkan fulogi, ko nozul idan injin gas ne. Zai fara juya injin da hannu, da sifana. Idan ya cije, kada a tilasta masa. Idan ya juya lafiya, sai a tsayar da zuwan mai da wuta, a mayar da batir, a juya injin, ruwa ya yi tsartuwa ta ramukan. Kowa ya ja da baya, kuma kada a sha taba a wurin. A ɗiga baƙin mai kaɗan a kowane rami kafin a rufe.

A juye tankin mai shi ma, domin ruwa yana kwanciya a ƙasansa. A canza matatar mai.

Idan injin ya tashi, a bar shi ya yi kamar minti 15 a tsaye, a kashe, a sake duba baƙin mai. In har yanzu da fari-fari a ciki, a sake canza shi. Gara asarar galan biyu na mai da asarar inji.

Wuraren da ake mantawa

Giya da aksul: Kowannensu yana da ɗan ramin shan iska. Idan ƙarfe mai zafi ya shiga ruwan sanyi, yakan zuƙo ruwa ta nan. Mota mai jan taya huɗu tana da aksul na gaba da na baya, da ƙaramar giya mai raba musu ƙarfi. A duba man kowannensu, a canza wanda ya yi fari.

Boris: A cire taya, a wanke tsohon giris, a cusa sabo. A bi duk gaɓoɓin ƙarƙashin mota da giris.

Birki: A buɗe a wanke laka da yashi. A canza man birki, domin yana shan ruwa. A gwada birki a fili, a hankali, kafin a ɗauki fasinja.

Wayoyin wuta: A zare mahaɗansu, a goge, a shanya. Motocin zamani suna da ƙaramar kwamfuta mai sarrafa inji. Wannan sai mai gyaran wutar mota.

Cikin mota: A fitar da kujeru da shimfiɗa a shanya a rana. Danshi yana kawo wari, yana kuma ruɓar da ƙarfen ƙasa.

Tsohon man da aka juye, a tara shi a jarka. Kada a zubar da shi kusa da rijiya, ko rafi, ko fadama. Yana ɓata ruwan sha na mutane da dabbobi.

Rigakafi ya fi magani

Direba mai hankali ba ya shiga ruwan da bai san zurfinsa ba. Ruwa mai gudu da ya kai ƙafa 2, wato kusan gwiwar babban mutum, yana iya tafiya da mota, ko da mai jan taya huɗu ce. A tsaya, a tambayi mutanen wurin. Idan ruwan yana gudu da ƙarfi, a jira ya janye. Idan ƙarami ne, a sa ƙaramar giya, a ratsa sannu ba tsayawa. Idan mota ta mutu a tsakiyar ruwa, a bar makulli, a nemi igiya. Fasinjoji kuma su daina matsa wa direba lamba don kasuwa za ta tashi. Kasuwa za ta sake ci mako mai zuwa.

Tambayoyi don aji

1. Me ya sa ba a tayar da motar da ta nutse?
2. Wace kala baƙin mai yake komawa idan ruwa ya shiga?
3. Rubuta wurare uku da ake mantawa wajen gyara.
4. Ina ya kamata a zuba tsohon mai?

Wanda ya karanta wannan darasi, ya karanta wa direban garinsu da yaron motarsa.